Kwamin Ninƙaya A Gida: A Nan Ido Bai San Ƙima Ba



Sharhinmu na yau a bakin ruwa za mu yi shi, amma ba ruwan Tiga ko na Challawa ba. Ruwan kwamin ninƙaya nake nufi, wanda yaranmu ke kira suwimin-ful. A da sai a manyan otal-otal ake ganinsa, yanzu kuwa ya shigo gidaje. Duk wanda ya leƙa sababbin gine-gine a Maitama da Asokoro a Abuja, ko Nasarawa GRA a Kano, ko Unguwar Rimi a Kaduna, ya san mai zanen gida ba ya ganin ya gama aiki sai ya ware wa kwami gurbi a bayan gida.

Na san akwai wanda ke zaune bakin shago da rediyonsa yana cewa, wannan ai matsalar masu kuɗi ce, ni da nake sayen jarka wajen mai ga-ruwa? Malam, tsaya ka ji. Ranar Sallah 'ya'yanka ne ke cika kwamin otal da na wuraren wasa, kai ka biya musu kuɗin shiga. Ƙanenka ne ake ɗauka aikin kula da kwamin Alhaji, shi ke ɗibar hodar kulorin, maganin kashe cutar ruwa, da hannu ba safa. In kuma aka yi watsi da kwamin, sauron da zai ƙyanƙyashe a ciki bai san katanga ba.

Mu fara daga Brazil. Ranar 9 ga Agusta, 2016, ana tsakiyar wasannin Olamfik a birnin Rio, sai kwamin da ake gasar tsunduma a cikinsa ya rikiɗe ya koma kore shar, duniya na kallo ta talabijin. Na gefensa ma ya fara bin sahu. Aka yi ta kame-kame, yau a ce zafi ne da rashin iska, gobe a ce wani sinadari ne ya ƙare. Daga baya masu shirya gasar suka fito suka ce wani ɗan kwangila ne ya zuba ruwan haidurojin a ciki, irin wanda ake wanke miki da shi ya yi kumfa. Shi da kulorin kuwa ba sa ga-maciji, ya kashe wa kulorin ƙarfi. Ƙarshenta sai da aka kwashe ruwan babban kwamin da ke gefe, fiye da lita miliyan 3, aka zuba wani. Wurin da ke da injiniyoyi da na'urori ke nan. To ina ga kwamin da aka danƙa wa mai gadi, aka ce ya riƙa watsa magani in ya ga ruwa ya fara sauya launi?

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kasuwar hatsi haka ne. A bakin kwami kuwa, ido ba ya sanin komai sai aikin gama ya gama. Ruwa na iya zama garau, kana ƙirga tayil ɗin ƙasa, alhali babu ko ɗigon kulorin a cikinsa. Ranar da ido zai ga kore, ɓarnar ta kwana biyu da farawa. Mun tashi da karatun cewa ruwa ana duba launinsa da ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan hukuncin tsarki ne, malamai sun yi bayaninsa, ba shi muke taɓawa ba. Ƙwayar cuta dai ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano.

Hanci ma ya fi ido yaudara. Sau nawa ka ji an iso bakin kwami, wani wari mai yaji ya bugi hanci, sai a ce, kai, nan sun sa magani sosai, ruwan nan da tsabta? Akasin haka ne. Kwamin da ke da lafiya kusan ba ya wari. Wannan warin na tasowa ne idan kulorin ya haɗu da gumi da fitsari da dauɗar jiki, sai ya zama wani abu da ake kira kuloramin. Shi ne ke sa ido ja, shi ne ke sa yaro tari in ya fito. Ma'ana, kulorin ɗin ya ƙare a kan ƙazanta, wanda zai kashe cuta ya yi kaɗan. Kada kuma wani ya ce ai gidana babu mai yin fitsari a ruwa. A shekarar 2017 masu bincike a Jami'ar Alberta ta ƙasar Kanada suka yi wata dabara. Akwai wani sinadarin zaƙi da ake sa wa a lemon kwalba da kayan ciye-ciye, wanda ke fita a fitsari yadda ya shiga. Suka auna yawansa a ruwan kwamaye, suka ƙiyasta cewa wani kwami mai lita 830,000 na ɗauke da fitsari kimanin lita 75. Saboda haka wanka da sabulu kafin a shiga, da kai yara banɗaki tukuna, suna rage wa maigida kuɗin hoda fiye da yadda yake zato.

To me ake aunawa? Abu biyu ne a gaba. Na farko kulorin mai rai, wato wanda bai riga ya haɗu da ƙazanta ba. Ana son ya zauna tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. Na biyu, wanda aka fi mantawa da shi kuma ni a ganina ya fi jawo asara, shi ne abin da ake kira pH.

Uwargida ta san wannan ilimi ba tare da ta shiga ɗakin gwaji ba. In ta ɗora miyar yakuwa tsami ya yi yawa, sai ta jefa 'yar kanwa ta kashe shi. In kanwar ta zarce, miya ta ɓaci ta wata fuskar. Ma'aunin pH ke nan. Yana tashi daga 0 zuwa 14, lamba 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa. Ruwan kwami ana son sa tsakanin 7.2 da 7.8. Za ka ce ai tsakanin 7 da 8 ba nisa. Da nisa, domin kowane taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne. Ga abin da ya sa ya shafi aljihunka: kulorin in ya shiga ruwa kashi biyu yake rabuwa, mai kaifi da mai sanyin jiki, kuma pH ne ke raba gardamar wanda zai fi yawa. A kan 7.5, kusan rabi ne mai kaifin. In pH ya kai 8, bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wato maigida ya sayi durom na hoda da kuɗinsa, kashi uku cikin huɗu na barci a ruwa. Ruwa ya yi hazo, farin ɓawo ya fito a jikin tayil, gansakuka ta samu ƙofa. Mai kula da kwami ya ga haka, sai ya ƙara hoda, ita kuma hodar ta ƙara tura pH sama. A haka ake ta zagaye har a ce wa Alhaji injin ne ya lalace.

In kuma pH ya faɗi ƙasa da 7, ruwan ya koma ci: ya cinye simintin da ke tsakanin tayil, ya sa tsani tsatsa, ya lalata ƙarafan inji, ido da fata su yi ta raɗaɗi. Ana sauko da pH da asid ɗin kwami, ana ɗaga shi da soda-ash, irin wanda masu haɗa sabulu ke saya. Kada wani ya ji na ambaci kanwa ya je ya tuttula ta a kwami, cike take da yashi da datti. Akwai kuma awo na uku, wanda ke nuna ƙarfin ruwa na riƙe pH kada ya riƙa hawa da sauka. Ana son sa tsakanin 80 da 120, bekin-soda ke ɗaga shi, kuma duba shi sau ɗaya a mako ko biyu ya wadatar.

Abin awon kansa ba wani abin tsoro ba ne. Wata 'yar roba ce mai gida biyu, ba ta fi tafin hannu ba. Ka ɗauraye ta da ruwan kwamin, ka nutsa hannu har gwiwar hannu, nesa da inda ruwa ke shigowa daga inji, ka cika ta zuwa layi. A gida ɗaya ka jefa 'yar ƙwaya mai suna DPD, ruwan ya koma ruwan hoda, gwargwadon cizawar launin gwargwadon kulorin. A ɗaya gidan ka ɗiga jan magani, in ya koma rawaya tsami ya yi yawa, in ya koma ja mai duhu pH ya hau, in ya tsaya ruwan goro-goro ka samu daidai. Ka rufe, ka girgiza, ka ɗaga ta wajen haske, ka gwada da launukan da ke jikinta. Minti uku an gama. A gida, sau biyu ko uku a mako, da bazara ko in baƙi sun yi yawa kuwa kullum. A sami ɗan littafi a riƙa rubuta rana da abin da aka gani da abin da aka zuba. A kuma lura, akwai wani abin awo mai araha da ke mai da ruwa rawaya wajen gwada kulorin. Shi yana haɗa mai rai da wanda ya riga ya mutu ne ya ba ka jimla, sai ka ga lamba mai kyau alhali ruwan ba mai tsaronsa. Magungunan awon su ma suna lalacewa in an bar su a rana ko sun daɗe.

Yanzu ga babbar abokiyar gabar kulorin a ƙasarmu: rana. Hasken rana mai ƙarfi na iya cinye kusan kashi tara cikin goma na kulorin cikin awa biyu in ba shi da kariya. Wanda ya watsa hoda da hantsi a Sakkwato cikin watan Afrilu, kafin azahar kuɗinsa sun bi iska. Shi ya sa ake zuba ta bayan magariba, a bar inji na juya ruwa, ta kwana tana aiki. Kariyar kuwa wani sinadari ne mai suna sayanurik asid, masu sayarwa na ce masa sitabilaiza. Yana riƙe kulorin kada rana ta kwashe shi. Ana son sa tsakanin 30 da 50.

A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa. Kulorin da ake sayarwa iri biyu ne a mafi yawan shaguna. Akwai gari, wanda kowa ke kira HTH da sunan samfurin da ya fi shahara, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Akwai kuma manyan fararen dunƙule da ake sa wa a 'yar roba mai yawo a kan ruwa, ƙarfinsu kusan kashi 90. Dunƙulen sun fi sauƙin sha'ani, ka jefa ka manta. Amma kowane ɗaya da sitabilaiza a jikinsa. Kulorin ɗin ya yi aiki ya ƙare, sitabilaizar ta zauna daram. Ba ta tashi da tururi, matata ba ta kama ta. Wata da watanni tana taruwa, har ta kai inda za ta riƙe kulorin ɗin gam ta hana shi aiki. Abin awo na nuna 3, ruwa na yin kore, kowa ya rasa dalili, wani ma ya fara zargin sammu. Ba wani magani da ya wuce a zubar da wani kaso na ruwan a ƙara sabo. A garin da tankar ruwa ke da tsada, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Shawarata, dunƙule na lokacin tafiya ne ko 'yan makonni, aikin yau da kullum a bar wa gari.

Nawa za a zuba? Ba da gwangwanin madara ake sani ba, da lissafi ne, kuma ɗan firamare zai iya. Kwami mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita ɗaya da rabi, ka ninka su ka sami 48, ka ninka da dubu, lita 48,000 ke nan. Don ɗaga kulorin da maki ɗaya a irin wannan kwami, garin da ake buƙata kimanin giram 70 ne. In awo ya nuna babu komai kana son 3, giram 200 da 'yan kai. A sayi ɗan sikeli. In an yi taro yara sun cika ruwa, ko an yi ruwan sama mai yawa, ko wari ya fara, sai a ba shi mai yawa da dare, kada kowa ya shiga sai awo ya nuna ya sauko.

Zan dakata a kan mutumin da ke wannan aiki, domin shi ne ba a tunawa da shi. Ka leƙa ɗakin injin a gidaje da yawa: ɗan ƙuƙut ne, ba taga, zafi kamar ya kashe mutum. Durom ɗin hoda a buɗe, jarkar asid a jingine da shi, galan ɗin man janareta a gefe, bokiti ɗaya ake komai da shi. Jama'a, wannan ɗaki haɗari ne. Asid in ya haɗu da kulorin, iskar da ke tashi ita ce wadda aka yi amfani da ita a matsayin makami a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Beljiyam, shekarar 1915. Gari da dunƙule kuwa, duk da sunansu ɗaya, in suka haɗu a bokiti da ɗan danshi suna iya kamawa da wuta ko su fashe. Garin in ya taɓa mai ko fetur ma haka. Ƙa'idar ba ta da wuya. Kowane sinadari da mazubinsa da ludayinsa. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan a sa magani a hankali, ba a zuba ruwa a kan magani. In an sa asid a kwami, a bari ya gauraya sosai kafin a kawo kulorin. Alhaji, wanda ya iya gina kwami na miliyoyi ba zai gaza sayen safar roba da tabarau da takunkumi ba. Yaron nan ɗan wani ne.

Sai inji. Duk maganin da aka zuba, in ruwa ba ya motsi aikin banza ne. Ana son ruwan kwamin duka ya bi ta matata aƙalla sau ɗaya a rana, abin da kan ci awa 6 zuwa 8 a yawancin gidaje. Mun san halin wutar lantarki, mun san farashin dizal. In maigida zai rage kashe kuɗi, injin kwami ake fara kashewa, kwana uku a haka da zafi ya isa gansakuka ta kama. Wanda zai gina sabo, ya sa sola ta injin a cikin lissafi tun farko. Matatar yashi tana da agogo a kanta, in allurar ta haura inda take zama lokacin da yashin ke da tsabta, lokacin wanke ta ya yi, a juya ruwa baya ya fitar da dattin.

Littattafan da ke zuwa da kayan kwami yawanci don Turai da Amurka aka rubuta su, ba su san hunturu ba. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta ya kai wani lokaci ta ratsa yashin matata ta dawo. Rufe kwami da tamfol in ba a amfani da shi yana rage ƙura, yana rage ƙafewar ruwa. In hazo ya ƙi tafiya, alum ɗin nan da muka sani yana tara dattin ya kwantar da shi ƙasa a zuƙe. Da damina kuma ganye da ƙasa da ruwan sama ke dagula lissafi, a auna bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Wanda ke cika kwami da ruwan rijiyar burtsatse kuma, in ya zuba kulorin ya ga ruwa ya koma ruwan ƙasa nan take, ba gansakuka ba ce, ƙarfen da ke narke a ruwan ne ya yi tsatsa. Ƙarin hoda ba ya maganinsa, tacewa yake so.

Iyaye mata, ga taku. Kulorin na kashe yawancin ƙwayoyin cuta cikin mintuna, amma ba duka ba. Akwai wata mai sa gudawa da ake kira Kirifto, Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce tana iya yin fiye da mako guda da rai a ruwan da aka sa wa kulorin yadda ya kamata. Yaron da ke gudawa ba ya shiga ruwa, ko zai yi kukan jini. In likita ya tabbatar wannan cutar ce, sai ya yi mako biyu da warkewa. A kuma hana yara haɗiyar ruwan.

Ruwa mai hazo kuwa ba cuta kaɗai yake ɓoyewa ba. A watan Yunin 2011, a garin Fall River na jihar Massachusetts a Amurka, wata mata ta nutse a kwamin gwamnati. Gawarta ta kwana biyu a ƙasan ruwa, mutane na ta iyo a samanta, ba wanda ya gani saboda duhun ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 300,000 ke mutuwa ta hanyar nutsewa a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Gidan da ke da ƙananan yara, kwami sai da shinge da ƙofa mai kulle. In ka tsaya a baki ba ka hango magudanar da ke can ƙasa a ɓangare mai zurfi, ba mai shiga.

Akwai kuma kwamayen da aka gina da ɗoki, shekara biyu aka gaji. Maigida ya koma Abuja ko Dubai, ruwa ya koma kore, kwaɗi na kuka. Da rikicin bashin gidaje ya sa mutane barin gidajensu a jihar Kalifoniya a 2007, masu bincike sun danganta ƙaruwar wata cutar sauro a yankin Bakersfield da irin waɗannan kwamaye. Mu kuwa da ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, ba ma buƙatar ƙarin tafki a tsakiyar unguwa.

Saboda haka Alhaji, Hajiya, in za ku riƙe kwamin, ku sayi abin awo da sikeli da safa, ku tura mai kula da shi ya koyi aikin wajen wanda ya iya, ku riƙa karɓar littafin kuna dubawa da kanku. In kun san ba za ku iya ba, ku kira wanda ya gina shi ya nuna muku yadda za a kwashe ruwan a rufe, ko a cike ramin. Ku kuma iyayen da za su kai yara otal a Sallah mai zuwa, kafin ku biya kuɗin shiga ku je bakin ruwan, ku duba ko ana hango ƙasa, ku ce wa mai kula da wurin ya auna a gabanku. In ya ce abin awon ya ɓace, ku kama hannun 'ya'yanku ku nemi wani wuri.